Hanyar da Kawu Bai Bi Ba

A Babban Layi, cikin Hausari, akwai wani benci da ya girme ni. Kullum bayan la'asar kawuna yakan zauna a kansa a ƙofar shagon atamfar da ya bar wa 'ya'yansa, rediyo a cinya, carbi a hannu. Ya haura tamanin. Duk wanda ya yi rabin sa'a kusa da shi sai ya sha labarin Zariya, garin da bai taɓa kwana a cikinsa ba.

A tsakiyar shekarun 1950, yana Midil ta Borno, sunansa ya fito cikin 'yan ƙalilan da za a tura babbar makarantar gwamnati ta Zariya. Kakanmu, wanda fatauci ya kawo shi Yerwa daga ƙasar Kano, ya ce atafau. Ya ce ya ba En'e aron yaro tun daga elemantare, ya isa haka, kuma ɗan da ya tafi wajen Nasara da akwati da wuya ya dawo da allo. Aka mayar da Kawu kasuwa. Ya yi arziki daidai gwargwado, ya sauke farali, ya aurar da 'ya'ya da jikoki. Amma har gobe in aka ambaci wani tsohon babban sakatare a rediyo sai ya rage murya ya ce, "Wannan a bayana yake a lissafi."

Abin da ya tayar da tsohon zancen shi ne ɗan yayata, wanda ke shirin gama firamare, yaro mai kai. Na kawo shawarar a nema masa makarantar kwana mai suna. Yaya ko ɗaga kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafa.

"Makarantar kwana? A wannan zamanin? Bar ni in riƙa ƙirga 'ya'yana da idona kowane dare."

Ba wanda ya nemi ƙarin bayani. A Maiduguri muke. Mun ga lokacin da aka rufe makarantun gwamnati a watan Maris na 2014, mun ga ajujuwan Kwalejin Gwamnati da na sakandaren 'yan mata ta Yerwa sun koma ɗakunan 'yan gudun hijira, ana girki a inda ake taron safe, sai a 2016 aka koma karatu. A unguwarmu ce kuma, a 2013, samari suka fara ɗaukar gora suna farautar masu bindiga, abin da ya haifi 'yan kato da gora. Uwar da ta ratsa waɗannan shekaru ba a yi mata wa'azin ilimi.

Da wata hidima ta kira ni Zariya, na je yi wa Kawu sallama. Ya riƙe hannuna ya ce, "In ka je, ka shiga ka gano mini ita. Ka duba komai."

Mun bar Tashar Kano da sanyin safiya, don hanyar Damaturu ba ta son yamma. Njimtilo, Auno, Jakana, Mainok, Benisheikh, Ngamdu: a da sunayen wuraren sayen ƙosai da gyaɗa ne, yanzu kowanne da abin da yake tuna wa mutum. A Auno ne, daren 9 ga Fabrairu 2020, aka far wa matafiyan da suka tarar an rufe ƙofar shiga Maiduguri suka kwana a bakin hanya. Da muka zo wurin motar ta yi tsit, sai wata tsohuwa a baya da ke jan salati. Na fara ƙirga shingayen sojoji da na 'yan sanda, kafin Damaturu lissafin ya ɓace mini.

Ina kallon ƙaya da aduwa ta taga ina tunanin wani yaro ɗan shekara goma sha biyar da ya yi yamma daga Yerwa a 1925. Kashim Ibrahim ke nan, haifaffen 1910, wanda ya gama makarantar lardin Borno aka tura shi Kwalejin Katsina, tushen makarantar da na nufa. Jirgin ƙasa bai iso Maiduguri ba sai 1964, kwalta kuwa ba a ma zancenta. Daga Yerwa zuwa Kano kaɗai kusan kilomita 600 ne, ga kuma sauran tafiya zuwa Katsina. Ya yi shekara huɗu a can, ya dawo a 1929 ya koyar a Midil ta Borno, ya zama Shettima, ya zama Wazirin Borno, a 1962 ya zama Gwamnan Jihar Arewa. Ahmadu Raba, wanda duniya ta sani da Sardauna, ya shiga kwalejin a 1926, kuma a ƙafa suke takowa daga Sakkwato, tafiyar mako guda. Iyayen wancan zamani sun ji tsoron abin da makaranta za ta mayar da ɗansu. Hanyar ba ta ba su tsoro haka ba.

Yanzu abin ya juye. Kudu da Damaturu akwai Buni Yadi, inda aka kashe gomman ɗalibai a ɗakunan kwanansu ranar 25 ga Fabrairu 2014. Kafin ka shiga Potiskum za ka wuce Mamudo, inda irin haka ta faru ranar 6 ga Yuli 2013. A cikin Potiskum ɗin kanta, ranar 10 ga Nuwamba 2014, wani ya shigo taron safe na sakandaren kimiyya sanye da kayan makaranta, ya tashi bam, sama da mutum arba'in suka rasu. Arewa da nan ga Dapchi, inda aka kwashe ɗalibai mata ranar 19 ga Fabrairu 2018. Duk makarantun gwamnati ne, duk 'ya'yan talakawa.

Mun ci abinci a Potiskum, garin kasuwar shanu da manyan motoci. Garin Adamu Ciroma ne kuma, wanda ya bi hanyar da aka hana Kawu: Midil ta Borno, Zariya, Jami'ar Ibadan, daga nan editan jaridar New Nigerian, daga nan Gwamnan Babban Banki a 1975. Daga Potiskum zuwa Azare, Birnin Kudu, Wudil, barci na yi. Na kwana a Kano, washegari na bi ta Kura da Kwanar Dangora na sauka Zariya kafin azahar.

Makarantar, wato Barewa, tana kan titin Gaskiya, kuma maƙwabtakar ta dace. Kamfanin Gaskiya da ya ba titin suna shi ne gidan Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fita a 1939, kuma editanta Abubakar Imam ɗan Kwalejin Katsina ne. Mai gadin ƙofa, dattijo mai jar hula, ya tambaye ni wajen wa na zo. Na ce, "Baba, wajen makarantar na zo, aiko ni aka yi." Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi dariya, ya haɗa ni da wani malami da ke fitowa daga ofis da alli a gefen riga.

Da malamin ya ji daga inda nake sai fuskarsa ta washe. Bafulatani ne. "A'a, ashe bawana ne ya zo gaishe ni! Ina goron ubangida?" Na ce masa ya yi kuskuren kamu, ni ɗan Hausari ne, Barebarin ma Afuno suke ce mana. Ya ce wannan ba ta fisshe ni ba, duk wanda ya sha ruwan Alau nasa ne. Haka nake rayuwa: a Maiduguri Bahaushe, a Zariya Babarbare.

Abin da ya fara kama idona shi ne fili. An gina wurin ne a zamanin da ƙasa ba ta da tsada, kuma masu ginin sun ɗauka yaro na bukatar sarari kamar yadda yake bukatar littafi. Dogayen ajujuwa masu baranda, itatuwan da suka ga tasowar kakannin ɗaliban yanzu, masallaci, ɗakin taro, laburare, ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya, ɗakin cin abinci, gidajen malamai can gefe, sai filayen wasa da ido ke gajiya kafin ya kai ƙarshensu. Wanda ya saba da makarantun kuɗi na cikin gari, inda ake mayar da gidan haya mai ɗaki shida "kwaleji" a sa yara su yi wasan motsa jiki a kan siminti, zai ji kamar ya shigo wani ƙaramin gari. A jikin wasu gine-gine akwai allunan da ke cewa 'yan aji kaza ne suka gyara. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, wadda tushenta ke komawa 1939, ita ce kawun makarantar: ba ita ta haifa ba, amma ita ake kira in rufi ya yi yoyo.

Malamin ya ce in ina son tarihin wurin kada in nemi littafi, in karanta sunayen gidajen kwana. Gaskiyarsa. Akwai gidan Lugard, wanda ya ci Arewa da bindiga. Akwai gidan Clifford, Gwamna Hugh Clifford, wanda ya buɗe kwalejin a Katsina ranar 5 ga Maris 1922, bayan ta fara aiki a 1921. Akwai Bienemann, shugabanta na farko, da Mort, wanda ya shugabance ta a zamanin Kaduna, da Malam Smith, wani babban jami'in ilimi na Turawa da Hausawa suka naɗa wa malanta. Ga kuma namu: Nagwamatse da Bello Kagara, malaman da suka koyar a Katsina, na biyun shi ne marubucin Ganɗoki, Ja'afaru, Sarkin Zazzau daga 1937 zuwa 1959, wanda a zamaninsa makarantar ta sauka a ƙasarsa, da Sulaimanu Barau, tsohon ɗalibi da ya zama Sarkin Abuja.

A gaban gidan Ɗan Hausa na fi daɗewa. Hanns Vischer ke nan, haifaffen Suwizalan, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano a 1909, gidansa na ƙasa yana nan har yau. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, kafin ya zama Ɗan Hausa a Kano, a Borno ya yi aikin mulki, kuma a 1906 ya ratso Sahara da ayari daga Tarabulus zuwa Borno, ta tsohuwar hanyar fatake. Wato mutumin da ya ɗora harsashin boko a Arewa ta ƙofarmu ya bi. Na rubuta wannan a takarda don Kawu, na san zai yi mako yana maimaita wa 'yan benci.

Yaro yakan kwana shekara shida ƙarƙashin sunan Lugard, abokinsa na ƙarƙashin sunan Nagwamatse, su haɗu a filin ƙwallo kowa na ihun sunan gidansa. Wasu na ganin ya kamata a kankare sunayen Turawan. Ni ban goyi baya ba. Makarantar 'yar auren dole ce tsakanin mulkin mallaka da sarauta, kuma gara yaro ya san iyayenta duka biyu da a ɓoye masa ɗaya.

Ita kanta ta sha ƙaura da canjin suna kamar amaryar da ba ta zauna ba. Kwalejin Katsina har 1938; Kwalejin Kaduna har 1949; ta dawo Zariya da sunan Sakandaren Gwamnati; a 1956 ta zama Kwalejin Gwamnati ta Zariya; sai a 1971 ta ɗauki sunan dabbar da ke jikin tambarinta, barewa. Abu ɗaya bai canja ba: lamba. Duk wanda ya shiga ana ba shi lamba a jere, tun daga ɗalibin farko a Katsina, kuma ita ce sunansa na biyu har kabari. Sardauna 87 ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa, da ya shiga a 1928, 145. Yakubu Gowon 783, Murtala Muhammad 941. Malamin ya ce a taron tsofaffin ɗalibai ba a tambayar muƙami, lamba ake tambaya, kuma mai ƙaramar lamba shi ke gaba ko da fansho kaɗai ya mallaka.

Dubi waɗannan lambobi da kyau, akwai abin alfahari a cikinsu, akwai na takaici. Daga 1921 zuwa 1928 yara ɗari da arba'in da 'yan kai kacal aka ɗauka, daga Sakkwato har Borno, daga Katsina har Ilori. Bayan shekara talatin ba a cika dubu ba. Clifford bai gina ta don ta wayar da talakawa ba. Malamai yake so, Musulmi, masu ladabi da Turanci mai kyau, waɗanda za su koma lardunansu su koyar ba tare da sun ɗaga wa sarakuna hankali ba. Har zaɓen Katsina ma, bayan sunan da ta yi a ilimi, akwai lissafin cewa tana nesa da layin dogo da abin da yake kwasowa. A lokacin Legas ta daɗe da sakandare, tun 1859. 'Ya'ya mata na Arewa kuwa sai 1956 suka sami tasu ta gwamnati a Ilori. Giɓin da muke kuka da shi yau a nan aka haƙa shi. Sai dai lissafin Bature bai cika ba, domin daga cikin waɗannan malamai masu ladabi Aminu Kano ya fito.

Shugabannin ƙasa biyar sun ratsa ta: Tafawa Ɓalewa, Gowon, Murtala, Shehu Shagari, da Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya zo karatun share fagen jami'a bayan ya gama Keffi. Kowa a Zariya zai lissafa maka su. Ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka haɗu. Gowon Kirista ne, Ba'angashe, ɗan mai wa'azi daga Wusasa. Murtala Bakano. Zakariya Maimalari, wanda barikin sojan garinmu ke ɗauke da sunansa, daga can gabas ya zo. Kwano ɗaya, tuwo ɗaya, siniya ɗaya mai sa su shara da asuba. Ba bulo ne ya yi Barewa ba. Tara 'ya'yan nesa wuri guda ne, kuma wannan ba ya yiwuwa sai uwa a Yerwa ta yarda ta saki ɗanta zuwa Zazzau ta yi barci. A dare ɗaya, 15 ga Janairu 1966, aka kashe 87 da 145 da Maimalari. Kashim Ibrahim ya tsira, ya koma gida, ya rasu a 1990. Babban laburaren Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru sunansa yake amsawa.

Aka kaɗa ƙararrawar abinci, yara suka fito a guje da kwanuka. Na tambayi wani ƙarami ko har yanzu ana cin gabza. Ya sunkuyar da kai yana murmushi: "Ana ci, Baba." Na tambaye shi garinsu, ya ce Soba. Na gaba Kudan, na gaba Tudun Wada, nan bayan katanga. Makarantar ta gwamnatin Jihar Kaduna ce yanzu, tun da aka yanka tsohuwar Arewa jiha-jiha kowa ya ja nasa. Yaran da na yi magana da su duk hankali gare su, amma a cikinsu ban ci karo da wanda ya san ɗanɗanon burabisko da miyar kuka irin ta Yerwa ba.

Da la'asar malamin ya kai ni wurin da ya ce in ban gani ba ban zo ba. Ɗaki ne mai bango uku, ba rufi, ba ƙofa. Yara huɗu a ciki, biyu-biyu, suna dukan ƙwallo da tafin hannu tana bugun bango tana dawowa, ƙafafunsu na ƙara a kan siminti. Fayif ke nan. Daga makarantar Eton ta Ingila malaman Turawa suka kawo shi a shekarun 1920, kuma a can wasan 'ya'yan masu hannu da shuni ne. A nan ya zama na kowa, aka sauya masa ƙwallo zuwa ta tanis, ya bazu Katsina, Sakkwato, Birnin Kebbi, Kaduna. Sardauna gwaninsa ne, har yau da kofin da ake gasa da sunansa. Na karɓi ƙwallon na gwada sau uku. Na farko na doki iska, na biyu na doki bango da yatsa, na uku yaran suka tausaya mini suka tafa.

Na yi niyyar juyawa gida daga nan, amma saƙon Kawu "komai" ne. Na koma Kano na hau motar Katsina. Hanyar Funtuwa ma tana kaiwa, amma tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe yara sama da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, sunan wannan yanki ma ya shiga jerin da iyaye ke ji gabansu ya faɗi.

Tsohuwar kwalejin tana nan cikin birnin Dikko, gidan tarihi ce yanzu. Ginin ƙasa ne, ja, mai kauri, da rufin azara da ƙananan tagogi, sanyi a ciki kamar randa. Bayan faɗin Zariya, ƙanƙantarsa ta ba ni mamaki. Ɗakunan ba su fi zauren wani attajirin Hausari ba. A nan yaron Yerwa da yaron Raba da yaron Bauchi suka zauna suna nanata kalmomin Turanci har harshe ya karye, babu lantarki, babu famfo. Na sa tafin hannuna a bangon, na ɗauki hoto, na fito. A bakin titi na sayi ƙwallon tanis guda biyu a wajen wani mai tebur.

Kwana biyu bayan haka, da la'asar, ina kan bencin Babban Layi. Kawu ya sa gilashi yana bin hotunan a wayata ɗaya bayan ɗaya, yana sa ni in maimaita sunayen gidaje. Da na zo kan zancen lamba sai ya tsayar da ni.

"Murtala nawa ka ce?"

"Ɗari tara da arba'in da ɗaya, Kawu. A 1952 ya shiga."

Ya rufe ido, yatsunsa na tafiya a kan carbi, leɓɓansa na motsi irin na mai lissafin yadi.

"To ni da dubu ɗaya da wani abu ke nan," ya ce. Ya miƙo mini wayar, ya ƙara muryar rediyo.

Yaya ta saurari nawa labarin har ƙarshe, filaye da laburare da shugabanni biyar. Tambaya ɗaya ta yi: shinge nawa muka wuce kafin Damaturu. Na ce da yawa. Ta ce, "To," ta tashi ta duba tukunya.

Ɗanta kuwa ya karɓi ƙwallon ya fita. Kafin magariba ya gano cewa lungun da ke tsakanin zaurenmu da katangar maƙwabta bango uku gare shi. Muna alwala muna jin tim, tim, tim, da muryar Kawu daga benci yana cewa a yi a hankali da tagar mutane.